Baba Sannu, Mai Kai Ban-Haƙurin Kamfani

A kamfanin ƙera ƙofofin ƙarfe da ke bakin babban titi kowa da aikinsa. Akwai masu yanka, akwai masu walda, akwai masu fenti, da waɗanda ke bin gidaje suna kafawa. Sai kuma mutum guda da hannunsa ba ya taɓa ƙarfe, amma duk ranar da ƙarfe ya yi ɓarna shi ake nema. Baba Sannu ake ce masa.

Asalinsa direban kamfanin ne, shi ke kai kaya. Dogo ne siriri, mai doguwar fuska da idanu a langaɓe, irin fuskar da ko dariya mai ita yake yi sai ka ji kamar ka yi masa jaje. Wannan fuska ce ta canja masa sana'a. Wata rana ƙofar da suka kafa ta goce daga kan layinta ta faɗa wa motar wata mata. Mai kamfanin, wanda ma'aikata ke kira Tsoho, ya duba tsakar wurin aiki, ya ga kowa ya yi duƙun-duƙun da baƙin mai in ban da direba, sai ya ce, “Kai, je ka ba ta haƙuri. Ka ce gyara a wuyanmu yake.”

Ya je. Matar ta tsaya a kansa ta zazzage shi tas, ta haɗa da Tsoho da iyayen Tsoho. Shi kuwa harshensa ya ƙi motsi don tsoro, ba abin da ke fita daga bakinsa sai “Sannu. Sannu, ranki ya daɗe.” Da ta gaji don kanta ta sa aka kawo masa ruwa. Daga baya ma ta turo ƙawarta ta sayi ƙofa. Tsoho ya ɗauka hikima ce direbansa ya yi, bai san tsoro ne tsagwaronsa ba. Tun daga ranar aka karɓe makullin mota aka ɗinka masa riguna masu kyau, sunan kuma ya bi shi.

Tsoho ba ya jayayya a kan diyya. In ƙofa ta matse hannu, kamfani zai biya asibiti. In ta fasa gilashin mota, kamfani zai saya. Amma bai taɓa cewa don tausayi yake yi ba.

“Ba ƙafar mutum nake gyarawa ba,” yakan ce, “sunana nake gyarawa. Ƙarfe in ya lanƙwashe a miƙar da shi. Suna in ya lanƙwashe, sai dai a rufe shago.”

Baba Sannu ya san akwai abin da wannan magana ta bari a baya. Sau da yawa ana biya, mutane su yi shiru, ƙofa ta gaba kuma a ƙera ta kamar waccan, da ɗan guntun ƙarfen nan na ƙarshen layi wanda ya kamata ya tare ta, an ɗiga masa walda kamar ana tsoron kada ta ƙare. Ya taɓa ɗan faɗa wa shugaban masu walda, aka ce masa ya tsaya a kan sannunsa. Ya tsaya.

Shekaru suka tura, tsoron bai ragu ba. Mutane suna cewa sabo yana maganin komai, shi dai bai ga alama ba. Kafin ya ƙwanƙwasa ƙofar kowane gida yakan tsaya ya duba ta ina mutum zai bi in abu ya ɓaci. An taɓa marinsa, an taɓa sakar masa kare, wata tsohuwa ta taɓa watsa masa ruwan wanke-wanke. In ya dawo gida ya kasa cin abinci, matarsa takan zauna a gefen tabarma ta zuba masa ido.

“Baban yara, wai kai ka ƙera ƙofofin nan ne? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.”

“To ki samo mini wani aikin da ake biyan mutum don fuskarsa,” in ji shi.

Abu ɗaya ke riƙe masa gwiwa: bai taɓa shiga gidan kowa hannu rabbana ba. Duk zagin da za a yi, ya san a ƙarshe zai buɗe baki ya ce kamfani ya ɗauki nauyi, kuma maganar gaskiya ce.

Sai ciwo ya kwantar da Tsoho, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ma da ƙyar. Babban ɗansa ya hau kujera, aka koma kiransa Manaja. Ba mugun mutum ba ne, yana gaida manya, albashi ba ya latti a hannunsa. Amma a kan diyya ra'ayinsa daban. Ya tara ma'aikata ya ce daga yau babu biyan kowa sai kotu ta ce a biya.

“Duk wanda ka biya ka amsa laifi ke nan,” ya ce. “Babana ya saba wa mutane da biya. Yaro ya yi lilo a jikin ƙofa, ta faɗi, a ce mu ne. Gobe wani ya buga da mota, a ce mu ne. Wannan ba kare suna ba ne, kiran ƙuda ne.”

Baba Sannu ya ji wani sanyi a ransa, ya ɗauka za a mayar da shi tuƙi. Ashe bai fahimta ba. Biya aka daina, ba aike ba.

Ba a daɗe ba abin ya faru. Wani mai kemis, magidanci mai 'ya'ya, ya tura ƙofar gidansa da safe zai fitar da mota, ƙofar ta zarce ƙarshen layi ta kife a kansa. Sai da maƙwabta suka taru kafin a ɗaga ta. Ƙashin cinyarsa ya karye har kusa da ƙugu. Asibiti suka ɗaure ƙafar suka ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuma aikin ya fi ƙarfin aljihunsa. Aka dawo da shi gida ana jiran kamfani, don kowa ya san kamfanin nan yana biya. Aka yi ta kira, Manaja yana cewa ana dubawa.

Ran nan da hantsi ya kira Baba Sannu ofis. A kan tebur akwai kwandon lemo da ayaba an lulluɓe da leda mai ƙyalli.

“Baba, ka kai wannan. Ka duba shi, ka ce muna jajanta masa. Amma kada ka yi alkawarin komai. Kada ma kalmar laifi ta fito daga bakinka.”

“Ranka ya daɗe, in sun tambayi maganar asibiti fa?”

“Ka ce ba huruminka ba ne.”

“To ai shi ne kawai abin da za su tambaya.”

“Baba, kai ne gwani. Ka yi musu irin abin nan naka.”

Ya ɗauki kwando ya fita. Direban kamfani ya ɗauke shi a mota. Da suka shiga layin gidan ya ga babu buƙatar tambaya: gida ɗaya ne bakinsa a wangame, kana hango tsakar gida daga titi. Ƙofar tana nan kwance inda aka jawo ta, baƙa, mai faɗi, da ɗan allon sunan kamfani a manne a jikinta yana walƙiya a rana. Ba hanyar shiga sai ta kanta. Da ya taka ta yi wata ƙara, kwaram, har cikin haƙoransa. Wasu samari da ke zaune a inuwa tsallaken titi suka ɗago kai, suka dubi motar, suka dubi juna.

Wanda ya amsa sallamarsa ƙanen mai gidan ne, wani ƙato mai gyaran manyan motoci, da kayan aiki a jikinsa. Bai karɓi kwandon ba, bai miƙa hannu ba. Ya ce, “Shigo,” ya yi gaba.

An fitar da kujerun falo an sa gado a tsakiya, saboda ba a iya shigar da majiyyacin ɗaki. Wurin yana warin magani da zufa. Mai kemis yana kwance rigingine, ƙafarsa a naɗe tun daga ƙugu, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Matarsa tana zaune a ƙasa tana masa fifita. Baba Sannu ya durƙusa ya ajiye kwando.

“Sannu. Sannu, maigida. Allah ya ba da lafiya.”

“Yauwa,” in ji mai kemis da ƙyar. Idonsa ya ɗan yi haske. “Kun zo. Na ce musu za ku zo. Yaushe za a mayar da ni asibitin?”

Duk shekarun nan, nan ne wurin da Baba Sannu yake samun numfashi. Yau ya buɗe baki ya ji wayam. Matar ta tsayar da fifita. Ƙanen yana tsaye a bayansa, yana jin hucinsa a ƙeya.

“An aiko ni ne in duba jiki,” ya ce. “Maganar asibiti… ba hurumina ba ne.”

Sai ya ji ƙarar makulli a bayansa, ƙaras. Da ya waiga, ƙanen yana zura makullin a aljihu. Daga ɗaya aljihun kuma kan wata ƙatuwar sifana ya leƙo.

“Lemo,” in ji ƙanen a hankali. “Yaya, ka ga abin da ƙafarka ta zama? Lemo da ayaba.” Ya juyo. “Dattijo, kira maigidanka. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba inda za ka sai ya zo da ƙafarsa.”

Baba Sannu ya zaro waya, ƙanen ya fizge ya nemo lambar ya buɗe murya kowa ya ji. Manaja ya ɗauka. Ƙanen ya faɗa masa yadda ake ciki, ba zagi, ba ɗaga murya.

“Wannan tsare mutum ne, kuma laifi ne babba,” in ji Manaja. “Ku sake shi. In kuna da magana ku nemi lauyanmu.”

Ya kashe. Aka sake kira, waya a rufe.

Baba Sannu ya zauna daɓas a kan siminti. Bai taɓa jin kaɗaici irin wannan ba. Da can in ana zaginsa yakan ji kamar akwai bango a bayansa. Yau ya jingina ya ji babu komai. Ya dubi taga, ƙarafa ne a jikinta, kuma ya gane aikin: na kamfaninsu ne, su ma.

Can sai hayaniya ta fara tashi daga titi. Da farko muryoyi kaɗan, sannan suka yawaita. Aka fara dukan wani abu kamar ganga, ya gane jikin motarsu ne. Ya ji injin ya tashi da ƙarfi, tayoyi suka yi ƙara, direba ya tsere ya bar shi. Daga nan ƙafafu suka fara taka ƙofar nan da ke kwance, kwaram, kwaram, ba ƙaƙƙautawa. Tsakar gida ta cika.

“A fito da shi!”

“Su ne suka kafa ta gidanmu, yarana na wucewa ta ƙarƙashinta kullum!”

“A karya tasa ƙafar ya ji in da daɗi!”

Wani ya leƙo ta taga ya nuna shi da yatsa ya ce ga shi nan a rakuɓe. Dutse ya bugi ƙarfen tagar. Aka fara jijjiga ƙofar falo. Baba Sannu ya ja jiki ya manne da ƙafar gadon majiyyaci, zufa ta jiƙa rigarsa sharkaf. Ya tuna matarsa, ya tuna da safe ta ce ya sayo mata sabulu in zai dawo, ya amsa mata da to ko kallonta bai yi ba. Yana so ya yi addu'a, amma abin da ke fita daga leɓɓansa shi ne sannu, sannu, bai ma san wa yake gaya wa ba.

Sai ya ji hannu mai zafi a kafaɗarsa. Mai kemis ne ya miƙo.

“Ƙanena,” ya kira, muryarsa a shaƙe. “Zo nan. In aka taɓa dattijon nan a gidana, ni za a ɗaure, da karyayyar ƙafa. Kuma dube shi. Wannan ya yi maka kama da mai kamfani?”

Ƙanen ya dubi Baba Sannu, ya daɗe yana kallo. Ya ja tsaki. Sannan ya zaro sifanar nan, Baba Sannu ya runtse ido ya ɗora hannuwa a ka. Abin da ya ji shi ne buɗe ƙofa. Ƙaton ya cika bakin ƙofar da jikinsa, ya buga sifana a bango har siminti ya zubo.

“Wanda ya fasa shigowa bai ƙoshi da nonon uwarsa ba! Ni na kulle shi, ni zan buɗe shi. Kuna son aiki? Ga aiki can kwance. Ku ɗaga mini ƙofar nan.”

Taro ba ya son tsayawa haka nan, in ka ba shi abin yi sai ya bi. Ƙanen ya aika aka kawo babbar motar da yake gyarawa, mutane suka yi caa suka ɗora ƙofar a baya, suka tsayar da ita yadda allon sunan zai fuskanci titi. Sannan ya dawo ya kama Baba Sannu a damtse.

“Tashi, za ka nuna mini hanya.”

Ratsa tsakar gidan nan shi ne tafiya mafi tsawo da Baba Sannu ya taɓa yi. Bai ɗaga kai ba, ƙafafu kawai yake gani. Wani ya tofa masa yawu a wuya, wani ya fizge hularsa, amma hannun ƙaton bai sake shi ba har ya cusa shi gaban mota. Suka tafi a hankali, babura na biye, mutane na ɗauka a waya. A hanya ƙanen bai yi magana ba sai sau ɗaya.

“Yayana shi ya riƙe ni tun ina yaro,” ya ce, idonsa a kan titi. “Jiya da hannuna na sa masa tasa ya yi fitsari.”

A bakin kamfani aka sauke ƙofar a tsakiyar mashiga, yadda mota ba ta shiga ba ta fita. Manaja bai fito ba. Baba Sannu ya sauko, ya bi gefen bango, bai shiga ciki ba, ya kama hanyar gida a ƙafa, ba hula. Da matarsa ta gan shi sai ta shimfiɗa masa tabarma. Zazzaɓi ya rufe shi, ya yi kwanaki ko ƙofar ɗaki aka buga sai ya zabura.

Manaja ya yi ta maza na ɗan lokaci. Amma hoton ƙofar ya zaga gari, masu oda suka fara janyewa, waɗanda aka kafa wa tuntuni suka riƙa kira a zo a duba tasu. A ƙarshe ya biya aikin asibiti da jinya, ya kuma tura masu walda gida-gida suna ƙara wa ƙarshen layi ƙarfi, abin da ba a taɓa yi ba ko a zamanin Tsoho. Sai dai an makara. Ƙashin ya fara haɗewa a karkace kafin a yi aikin, ƙafar mai kemis ta warke ta fi ɗayar gajarta. Maganar Manaja ma ba ta faɗi ƙasa duka ba, don bayan an ji ya biya sai ga wani ya zo da hannu a naɗe, aka bincika aka tarar daga kan babur ya faɗo. Har yau in zancen ya tashi a wurin aiki, masu walda kan rabu biyu.

Manaja ya aiko a gaida Baba Sannu, ya ce kujerarsa tana nan. Matar Baba ce ta fita ta sallami ɗan aiken tun daga zaure, ta ce a gode, mijinta ya tsufa.

Mijin babbar 'yarsa yana da shagon katifu, shi ya ce Baba ya zo ya riƙa zama masa. Aikin ya dace da shi. Mutum ya shigo ya danna katifa da hannu, ya zauna, ya tashi, ya saya ko ya tafi. Yakan ce wa surukin nasa, tun da yake bai taɓa jin katifa ta faɗa wa kowa ba.

Wata ranar kasuwa yana jera matasan kai sai ya hango mutum yana tsallako titi da sanda, yana ɗingishi, matarsa na riƙe da jaka a gefe. Mai kemis ne. Kafin su iso ya shige can ƙuryar shago ya tsaya tsakanin katifu biyu da aka jingina, ledarsu na manne masa a fuska. Yana ji mai kemis yana cewa likita ya ce ya nemi mai tauri saboda ƙugunsa. Yana ji ana ciniki, ana dariya, ana ɗaure katifa.

“Af,” in ji mai kemis daga bakin ƙofa, “an ce dattijon nan na kamfanin ƙofa a nan yake zama yanzu. Ko ba ya nan?”

Surukin ya ce ya ɗan fita.

“To in ya dawo a gaishe shi. A ce ƙanena yana ta cigiyarsa, wai ya ƙwato masa hularsa tun ranar, tana nan a ajiye.”

Sai da ƙarar sandar ta ɓace a cikin hayaniyar titi Baba Sannu ya fito, ya nemi kujera ya zauna, ya ce a ba shi ruwa. Surukin ya tambaye shi ko za a je a karɓo hular.

“A'a,” ya ce. “Ku bar musu. Dama ta yi mini kaɗan.”